Gonar Da Ba A Shuka Ba

Shafi na 31

Masu turo mini saƙo cewa na fiye kare Dakta Zayyad, har wata na tambayata ko ɗan'uwana ne, to yau na cire hannuna. Ga ku ga shi. Ke kuma da kika roƙe ni kar in bari ya kunyata, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba ni na aike shi ba.

*

Wajen sha ɗaya na safe ya shigo Saulawa. Ba a farar motar ofis mai tambari ba, a 'yar ƙaramar motar matarsa ya zo, shi yake tuƙa kansa. Shugaban ofishin hasashen yanayi na shiyya guda, mutumin da ya shekara ashirin da tara yana gaya wa jama'a ranar da ruwa zai sauka, yau shi ne ya ja hula har gira don kar a gane shi a garinsu.

Tun daga Kudan har Ikara abu ɗaya yake gani hagu da dama. Masara ta tsiro, ta kai tsawon yatsa, ta murɗe ta ƙone a tsaye. Kwana ashirin da uku ke nan ko ɗigo ba a samu ba. Kuma shi ne ya shiga rediyo da bakinsa ya ce damina ta zauna, kowa ya fita ya shuka.

Gona ɗaya ce tak a bakin hanya aka yi mata huɗa aka bar ta ba shuka. Gonar mahaifinsu ce, wadda yayarsa Hajo take riƙe da ita tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. Da ya zo daidai wurin, kau da kai ya yi.

Ya tarar da Hajo a gindin rumbu, ta baza masarar iri a faifai tana tsince masu ƙwari. Ya durƙusa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya iyalin?"

"Suna gaishe ki."

"Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya kuma ruwa?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta miƙa ƙafa ta turo masa kujera 'yar tsugunno, ya zauna a kai da shaddarsa mai maiƙo.

"Ban ji ƙarar babbar mota ba," in ji ta. "Ko an karɓe?"

"Ba a karɓe ba. Yaya, sauri nake yi. Wayarki na zo ki ba ni."

"Ga ta can a kan taga."

"Ba ƙaramar ba. Babbar, wadda na saya miki."

Sai a lokacin ta dube shi.

"Kyauta ka zo karɓewa?"

"Saƙo ɗaya zan goge in ba ki abarki."

"Wane saƙo?"

Ya waiga ya dubi ƙofar zaure, ya rage murya.

"Yaya, ki bar wasa. Jibi ake sanar da wanda zai shugabanci hukumar tamu ta ƙasa baki ɗaya. Mu uku muka rage, kuma an tabbatar mini sunana ne a sama. Hasashe ya kuskure, wannan ba komai ba ne, kowa ya san ruwa na Allah ne. Amma in saƙon nan ya fita, ba kujerar Abuja kaɗai ba, wadda nake kai ma ta tafi. Shekara ashirin da tara, Yaya."

"Na ce wane saƙo?"

"Wanda na turo miki na murya. Wanda ya sa ba ki shuka ba."

Hajo ta ajiye faifan a ƙasa a hankali.

"Zayyadu, ni ban ji wani saƙo naka ba. Wayar nan tun kafin ruwan farko cajinta ya ƙare, na naɗe ta a ɗankwali na jefa a kwalla. Ka san ba iya ta na yi ba."

"To me ya hana ki shuka?"

"Abin da ya hana Baba a irin wannan shekara. Shamuwa ta zo ta sauka a kan tsamiyar masallaci, ta kwana biyu, ba ta ɗauki ko tsinke ɗaya na sheƙa ba, ta tashi. Iska kuma da yamma daga gabas take kaɗawa, busasshiya. Na ce wannan ruwan na yaudara ne, ni ba zan binne irina in yi kuka ba. Har dariya aka yi mini a rijiya, wai ƙanena na rediyo yana cewa a shuka, ni ina kallon tsuntsu."

Jama'a, da za ku ga fuskar Dakta. Mutum ya taso tun asuba, ya sha tuƙi, ya zo rufe bakin da bai san komai ba, sai ga shi da kansa ya buɗe maganar. Ni kam ban tausaya masa ba.

Ya yi yunƙurin gyarawa.

"Shi ke nan to. Ba wani abu ba ne. Gaisuwa ce kawai."

"Gaisuwa ce za ta cire ka daga kujera?"

Ya kau da kai.

"Me ka ce a ciki?"

"Yaya..."

"Ni na goya ka a bayan nan, Zayyadu. Na san kalar idonka in za ka yi ƙarya. Me ka ce?"

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Gumi ya jiƙa masa furfura.

"Cewa na yi kar ki shuka. Ki ƙara sati uku ko huɗu."

"Yaushe ka ce haka?"

"Ranar sha ɗaya ga wata."

Hajo ta lissafa da yatsunta, leɓenta na motsi.

"Sha ɗaya. Ranar da ka yi magana a rediyo ke nan."

"Bayan na fito."

"Bayan ka fito daga ina?"

"Daga gidan rediyon. A cikin mota na yi miki. Na tura, na goge nawa a take."

Akuya ta zo ta sa baki a faifan, Hajo ko korarta ba ta yi ba, sai shi ne ya miƙa hannu ya kaɗa ta.

"Na saurare ka ranar," in ji ta. "A nan wurin nake zaune. Baba Sa'idu ya bugo waya cikin shirin, tsoho mai shekara tamanin, abokin ubanka. Ya ce ɗana a yi hattara, shamuwa ba ta yi sheƙa ba. Ka tuna abin da ka ce masa?"

"Na tuna."

"Faɗa mini."

"Yaya, don Allah."

"Cewa ka yi, Baba, tsuntsu bai yi makaranta ba. Kai da mai gabatarwa kuka yi ta dariya. Har yau yara in sun gan shi zai tafi masallaci sai su ce ga malamin shamuwa. Ya daina zama a dandali. Ashe kana fita ka shiga mota ka ce wa 'yar'uwarka ta bi tsuntsun."

"Ba tsuntsu na bi ba!" Muryarsa ta ɗaga, ya yi saurin sauke ta. "Na'urorinmu ma sun nuna. Iskar da ke kawo ruwa daga kudu ba ta yi kauri ba, ta gabas na nan a samanta tana danne ta. Anita, mataimakiyata, ta rubuta takardar gargaɗi tun ranar tara ga wata, ta kawo mini in sa hannu a aika gidajen rediyo."

"Ka sa?"

"Na sa a durowa."

"Don me?"

"Don hasashen shekarar nan nawa ne, Yaya. Ni na tsaya a Abuja a watan biyu, gaban manya, na ce ranar sha biyu ga watan biyar damina za ta zauna a Ikara da Maƙarfi da Kudan. Sunana ne a jikin littafin hasashen. Ranar sha huɗu kuma zan zauna gaban masu tantancewa. In fito ana saura kwana uku in ce na yi kuskure? Waɗancan biyun da muke neman kujerar tare, abin da suke jira ke nan. Na ce bari in wuce tantancewa, ranar sha biyar sai in saki gargaɗin. Kwana huɗu kawai."

"Ranar sha uku aka yi ruwa na biyu."

"Na sani."

"Ranar sha huɗu duk ƙasar nan tana gona. Har masu jego."

"Na sani, Yaya! Ranar sha biyar kuma me zan ce? Ku tono abin da kuka binne? Sai na yi shiru ina addu'a Allah ya sa ni ne na yi kuskure a karo na biyu."

Hajo ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta.

"Kana addu'a. A ɗaki mai sanyi."

"Ba a taɓa kama ni da cin ko sisi ba. Shekara tara na yi a tashar da ba wuta ba ruwa, ina fita duban ma'aunin ruwan sama kowace safiya, ana ba yaran manya ƙarin girma ina kallo. Sau biyu ana tsallake ni. Wannan karon ne kawai..."

"Ni ba mai tantancewa ba ce, ka adana wannan ka kai musu."

Ta jawo faifan gabanta, amma ba ta ci gaba da tsincewa ba.

"Ni irina yana nan. Ka ga, ko ƙwaya ban rasa ba. Amma ka san abin da nake sha? In na fita, mata su yi shiru. An ce mun san wani abu mun ɓoye. Na rantse a gidan suna, na rantse a gidan makoki, na ce wallahi ƙanena bai gaya mini komai ba. Ashe rantsuwata a kan siraɗi take, cajin waya ne kawai ya tsare ni."

"Shi ya sa na ce ki kawo in goge. In na goge, rantsuwarki ta tsaya."

"Ilisha fa?"

Nan ya sunkuyar da kai.

Wanda bai san Ilisha ba, shi ne maƙwabcinsu na jikin katanga. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, a nan aka haife shi. Benci ɗaya suka zauna da Zayyad a firamare, kwano ɗaya suka ci. Shi Zayyad ya wuce jami'a, Ilisha ya koma gona, har manoman yankin suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu, Musulmi da Kirista, ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙi.

"Ka san abin da ya yi da maganarka?" in ji Hajo. "Lasifika ya aro a coci ya ɗaura a babur. Kasuwar Ikara, kasuwar Maƙarfi, kasuwar Kudan, ba inda bai je ba. Yana cewa Dakta ɗan gidanmu ne, ni na san shi, in ya ce a shuka a shuka. Masu shakka ma shi ya bi su gida gida. Irin da ƙungiya ta adana tun kaka, buhu sittin, shi ya buɗe rumbun ya raba."

"Ban ce ya yi haka ba."

"Ba ka ce ba. Yarda ya yi da kai, laifinsa ke nan. Shekaranjiya da safe matarsa Angelina ta buɗe ƙofa ta tarar an tara musu busasshiyar masara a bakin zaure, tuli guda. Ita ta share da hannunta tana hawaye. Gonar da dagaci ya ba ubansa aro shekara arba'in, yau bayan la'asar za a zauna a kanta. An ce mutumin da ya jefa gari a wannan hali bai kamata ya ci gaba da noma ƙasar gari ba. Kuma har jiya, ko an zage ka a gabansa sai ya tashi. Cewa yake yi Zayyad bai sani ba, da ya sani da ni zai fara gaya wa."

Zayyad ya runtse ido.

"In na hau kujerar nan zan gyara. Zan sa a kawo iri mai saurin nuna, mota mota. Zan yi wa dagaci magana. Jibi kawai, Yaya. Ki ba ni jibi."

"Wancan karon kwana huɗu ka nema."

Wallahi da ta faɗi haka sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa miƙewa ya yi ya nufi ɗakinta, ba sallama ba neman izini. Ta ji yana buɗe kwalla, murfi na faɗuwa. Ba ta motsa ba. Can ya fito da ɗankwali a hannu, ba komai a ciki.

"Ina take?"

"Da ka tambaye ni da ladabi da na hutar da kai."

"Yaya, ina wayar?"

"Tana Ikara."

"Wurin wa?"

"Yau kasuwa. Na ga shirun ya yi yawa, na ce ko ka turo mana wani labari na ruwa. Da sassafe na bayar a kai mini caji." Ta dube shi ido cikin ido. "Na ce masa in ya ga saƙo daga gare ka ya saurara mini, tunda ni ban iya ba."

"Wa?"

"Wa nake da shi mai babur in ba Ilisha ba?"

Ɗankwalin ya faɗi daga hannunsa. Ya laluba aljihu ya zaro wayarsa, ya kira lambar Ilisha. Tana shiga ba a ɗauka. Ya sake kira. Ya sake.

"Tun ƙarfe nawa ya tafi?"

"Tun bakwai."

Ya dubi agogo. Sha biyu ta gota. Ya zari makullin mota ya yi hanyar zaure, sai ya tsaya cak.

Ƙarar babura ce. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Suna ta tsayawa a ƙofar gida ana kashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fi ba shi tsoro, ba mai magana. Taron manoma a ce ba hayaniya.

"Salamu alaikum. Yaya Hajo, in shigo?"

"Shigo, Ilisha."

Ya shigo shi kaɗai. Dogo ne, ya rame ƙwarai a 'yan makonnin nan. Rigarsa ta yage a kafaɗa, leɓensa na ƙasa ya fashe, jini ya bushe a gemunsa. Wayar Hajo na hannunsa na dama, ya riƙe ta gam.

"Innalillahi! Wa ya yi maka haka?" Hajo ta miƙe.

"Ba komai, Yaya. Turereniya ce."

Ya juya ya ga Zayyad. Sai fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya ga ɗan'uwa a asibiti.

"Na gode wa Allah. Na ga mota a waje na ce ko kai ne. Ka zo a daidai."

"Ilisha..."

"Tsaya in gaya maka. Na kai caji, na je na yi cefanen Angelina, na dawo na kunna. Sai ga sunanka. Murna ta kama ni. Na ce Dakta ya turo labarin ruwa. Ban saurara ni kaɗai ba, Zayyad. Na hau kan benci na yi kira, na ce 'yan Saulawa, 'yan Kudan, ku matso, ga wanda kuke zagi ya turo saƙo. Uwaisu mai caji ya haɗa mini da babbar sifikarsa. Ni na tara su. Da bakina."

Ilisha ya ci gaba.

"Aka ji murya tana cewa, Yaya kar ki shuka, kar ki biye wa abin da na faɗa a rediyo, ruwan nan zai ɗauke. Kar ki gaya wa kowa." Ya dubi wayar. "Har da cewa ko Ilisha."

Hajo ta dafe bango. Wannan guntun Zayyad bai gaya mata ba.

"Kasuwa ta hargitse. Sai na tuna abin da ɗana Gilbert ya taɓa nuna mini, yadda yanzu ake haɗa muryar mutum a kwamfuta ya faɗi abin da bai faɗa ba. Na ce musu wannan aikin maƙiya ne, ana neman kujerarsa a Abuja, an san jibi za a sanar. Suka ce ƙarya nake. Na ɗaga hannu sama a tsakiyar kasuwa na rantse da Littafi Mai Tsarki cewa wannan ba muryar Zayyad ba ce. Ka san tunda nake ban taɓa rantsuwa da shi ba. A nan ne wani ya kai mini hannu."

Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Na ce su biyo ni mu tambayi Yaya Hajo. Ga su nan a waje, sun fi arba'in, an aika a kira dagaci. To ga ka da kanka, magana ta ƙare. Ka fito ka ce musu ba kai ba ne. Kai za su yarda da kai, kai mai ilimi ne, ka san yadda ake bayanin abin nan na kwamfuta. Gona in sun so su karɓa, Allah na nan. Ni dai kar a ce na rantse a kan ƙarya."

Kun ji fa. Ƙofar da Dakta yake nema tun asuba, ga ta an buɗe masa, kuma wanda ya zalunta ne ya buɗe. Kalma huɗu kawai zai faɗa, ba ni ba ne, jibi ya hau kujerarsa. Na ga idonsa ya yi wani haske, na rantse na gani, kuma a nan na tsane shi.

Ya gyara wuyan rigarsa. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya sa.

"Mu je," in ji shi.

Ya yi taku biyu. Ilisha bai matsa daga bakin zauren ba. Murmushin nan ya tafi, yana kallon Hajo, wadda ta juya musu baya kafaɗunta na rawa.

"Yaya Hajo, me ya sa kike kuka?"

Ba ta juyo ba.

Ilisha ya sa hannu ya tare ƙofar, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda na waje ba za su ji ba.

"Kafin mu fita. Nan ba rediyo, ba Abuja, daga ni sai kai sai wadda ta goya ka. Dube ni, Zayyad."

Zayyad ya dubi ƙasa.

"Na ce ka dube ni. Muryarka ce?"

Hajo ta share fuska da gefen zani, ta jawo mayafinta daga kan igiya ta yafa.

"Ba shi amsa, Dakta," in ji ta. "Ka zaɓi wadda za ka ba shi da kyau. Don duk abin da ka faɗa a nan, ni zan riga ka fita in gaya musu abin da na sani."